Permin tuƙi bai isa a danƙa maka rai ba

Duk bikin miƙa ambilans da ake yi a gundumominmu, abu guda ake ɗaga mana sama mu gani: makulli. Ɗan kasuwa ko ɗan siyasa ko wakilin wata ƙungiya ya miƙa wa perfe, perfe ya miƙa wa babban likitan gunduma, a yi tafi, makaɗa su yi nasu, da dare rediyo ta maimaita. Cikin jawabai za ka ji miliyan nawa motar ta ci, za ka ji sunan mai kyautar har ka hardace shi. Ba za ka ji an faɗi wanda zai zauna a baya tare da mara lafiya ba, balle me ya karanta, wa ya jarraba shi, wa kuma ke da ikon ce masa ya aje aiki ran da ya yi sakaci da rai. Rashin mota kowa na ganinsa, kowa na kuka da shi. Rashin mutumin baya kuwa, sai matar da aka ɗauko daga ƙauye tana zubar da jini ta san shi, ita kuma sau da yawa ba ta kaiwa ga ba da labari.

Abin da nake so malamai ƴan'uwana da iyayen yara su tsaya a kansa shi ne, ƙasar nan tana buƙatar doka bayyananniya, wadda talaka zai fahimta, da za ta ce babu mai aiki cikin ambilans, ta gwamnati ce ko ta kilinik mai zaman kanta, sai yana riƙe da takardar izinin aikin agaji. Takardar da ake samu bayan horo da jarrabawa, ake sabunta ta, ake kuma iya ƙwace ta. Permin tuƙi shaida ne cewa mutum ya iya sarrafa mota bisa hanya. Bai ce komai ba a kan yaron da zazzaɓin sauro ya sa shi taune-taune tsakanin Dakwaro da Maraɗi, tafiyar sama da kilomita 100, kakarsa riƙe da robar ƙarin ruwa a hannu, direba can gaba yana kaucewa ramuka.

Na san amsar da ke jirana, na sha jin ta a fada da ɗakin malamai: "Mushe, wannan ai zancen ƙasashen da suka ƙoshi ne. Mu da ko gazuwal sai dangi sun haɗa?" To, mu je ƙasar ƙosassun mu gani ko ƙoshin ne ya gyara musu.

A shekarar 1966 Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa a Amurka ta fitar da rahoto kan mace-mace da naƙasa da haɗurra ke jawowa. Cikin abubuwan da ta bankaɗo akwai wannan: kusan rabin aikin ambilans na ƙasar masu sana'ar jana'iza ne ke yin sa, su wajen 12,000, don kawai motarsu ce ke da tsawon da mutum zai kwanta a ciki. Ku tsaya ku auna. Mutumin da cinikinsa ke gaba in ka mutu, shi ne ake kira ya kai ka asibiti. Mafi yawan masu ɗaukar majinyata ba su da wani horon kirki, a wasu biranen kuma ƴan sanda ne ke jefa wanda ya ji rauni bayan motar kama masu laifi. A wannan lokacin Amurka tana shirin aika mutum duniyar wata. Kuɗi akwai su har sun yi yawa. Abin da babu shi ne wanda ya rubuta, baƙi bisa fari, wa ya cancanci taɓa mara lafiya kafin ya isa gaban dokta.

A shekarar ce majalisar tarayya ta yi dokar kiyaye haɗurran hanya, ta ɗaura wani ɓangare na kuɗin hanyoyi a kan jahohi su tsara aikin agajin gaggawa. A 1970 aka kafa Rajistar Ƙasa, wadda ke shirya jarrabawa iri ɗaya ga masu wannan aiki. A 1973 aka ƙara wata doka da kuɗi don gina tsarin yanki-yanki. Amma har gobe, takardar izinin aiki ba daga Washinton take fitowa ba. Kowace jaha cikin hamsin ɗin majalisarta ke yin dokarta, ofishinta ke ba da izini, shi ke karɓewa. Rajistar Ƙasa ta shaida ka ci jarrabawa, jaha ta ce ka yi aiki ko kar ka yi.

Labarin Kaliforniya ya fi jan hankalina, don yana nuna wata fuska ta doka da mutanenmu ba su cika gani ba. A 1969 wasu likitoci a Los Anjalas suka horar da ƴan kwana-kwana aikin ceton masu ciwon zuciya: sa allura a jijiya, ba da magani, amfani da na'urar farfaɗo da zuciya. Mutanen sun iya, amma a dokar lokacin wannan aikin dokta ne ko infirmiye, wanda duk ya yi shi ba su ba ya taka doka. Sai ga horarren mutum tsaye gaban mai mutuwa, hannunsa ɗaure, sai in akwai infirmiye a tare da shi. A watan Yuli na 1970 gwamna Ronald Reagan ya sa hannu kan dokar da ake kira Wedworth-Townsend, da sunan ƴan majalisar jaha biyu da suka kawo ta, ta halatta wa horarru yin aikin ƙarƙashin umurnin likita. Kun ga ke nan takardar izini tana aiki ta fuska biyu. Tana hana wanda bai iya ba, tana kuma kare wanda ya iya. Direban ambilans ɗinmu da ya shekara ashirin yana ganin haihuwa da haɗari, ya san ya kamata a danne wurin da jini ke fita, ya san ya kamata a kwantar da wanda ya suma bisa gefensa, yau in ya taɓa mara lafiya aka yi rashin sa'a, wace takarda zai nuna wa dangi ko jandarma? Shi ya sa mai wayo cikinsu ke riƙe sitiyarinsa ya yi shiru.

Yadda suka tsara abin a yau hawa huɗu ne. Na ƙasa shi ne mai taimakon farko, horon ƴan kwanaki. Sai ma'aikacin agajin gaggawa, wanda karatunsa bai cika wuce awa 150 zuwa 200 ba: tsayar da jini, buɗe hanyar numfashi, ba da oksijen, ɗaure karaya, danna ƙirji, karɓar haihuwar da ta zo bisa hanya. Sama da shi akwai wani mai ƙarin ilimi da ke iya sa ƙarin ruwa da wasu ƴan magunguna. Can ƙoli sai paramedik, mai karatun awa 1,200 zuwa sama. Kowane hawa da iyakarsa a rubuce, kuma kowace ƙungiyar ambilans da doktan da ke tsaye a kanta, shi ke sa hannu kan ƙa'idojin da ma'aikata ke bi. Takardar Rajistar Ƙasa shekara biyu take yi, kafin a sabunta ta sai ma'aikacin agaji ya kawo shaidar ƙarin karatu na awa 40, paramedik awa 60. Ku riƙe lambar nan ta awa 150 zuwa 200. In ana karatu awa shida a yini, kwana biyar a sati, sati biyar ne zuwa bakwai. Bai kai tsawon babban hutu ba.

To me takardar ke amfanawa in an yi ɓarna? Ran 7 ga Janairu 2023 ƴan sanda a birnin Memfis na jahar Tenesi suka lakaɗa wa wani saurayi baƙar fata, Tyre Nichols, dukan da ya yi ajalinsa bayan kwana uku. Duniya ta yi ta maganar ƴan sandan. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne, ma'aikatan agaji biyu sun iso wurin suka same shi jingine da mota, suka yi minti 19 ba su yi masa abin da aka koya musu ba. Ran 3 ga Fabrairu, wata bai cika ba, hukumar jahar da ke ba da izini ta zauna, ta kalli bidiyon, ta dakatar da takardunsu. Ma'aikatar kashe gobara ta riga ta kore su, amma kora daga wurin aiki guda ba ta hana mutum neman aiki a gari na gaba. Dakatar da izini shi ke rufe masa ƙofa a faɗin jahar. Yanzu ku faɗa mini, uban da aka yi wa ɗansa irin wannan sakaci a ƙasarmu, wace ƙofa zai ƙwanƙwasa? In ya dace, a canza wa mutumin wurin aiki, ya tafi da halinsa wata gunduma. In bai dace ba, a ce masa kwana ne ya ƙare, ya yi haƙuri. Kwana na ƙarewa, wannan mun yi imani da shi. Sakaci kuma yana da mai shi.

Na biyu ya fi wancan ɗaci. A watan Agusta na 2019, a garin Orora na jahar Kolorado, ƴan sanda suka tsare wani saurayi ɗan shekara 23, Elijah McClain, yana komawa gida daga kanti, suka danne shi. Paramedik biyu suka zo suka yi masa allurar ketamin, maganin sa barci mai ƙarfi, miligram 500. Ƙa'idarsu ta ce miligram 5 ga kowane kilo na nauyin mutum. Yaron bai wuce kilo 65 ba. Ɗan CM2 zai yi muku lissafin bisa allo: 325. An ba shi maganin mai kilo 100, ba tare da an duba shi yadda ya kamata ba. Zuciyarsa ta tsaya cikin ambilans, ya rasu bayan ƴan kwanaki. Waɗannan fa masu takarda ne, masu karatun awa dubu da ɗoriya. Duk mai son ya ce takarda ba ta hana kisa, ga hujjarsa na ba shi da hannuna. Amma ya ƙarasa labarin. A 2021 majalisar Kolorado ta yi sabuwar doka: ɗan sanda ba shi da ikon umurtar ma'aikacin agaji ya yi wa mutum wannan allura, kuma ba a ba da ita sai an auna nauyi, ko horarru biyu sun yarda kan ƙiyasi, da na'urar lura da numfashi a kusa. A Disamba 2023 masu taya alƙali yanke hukunci suka samu paramedik ɗin biyu da laifin kisa ta hanyar sakaci. An iya kai su gaban shari'a ne saboda akwai ma'auni a rubuce da za a gwada aikinsu da shi. Inda babu ma'auni, babu wanda ya taɓa yin kuskure, haka kawai mutane ke mutuwa.

Kar wani ya ɗauka ina tallar Amurka ne. Tsarinsu cike yake da tabo. Dokoki hamsin na nufin mai takardar wata jaha na iya tsallaka gada ya zama ba shi da izini, ko da gobara ce ko ambaliya ta kira shi. Sai da suka ƙirƙiro yarjejeniya tsakanin jahohi, REPLICA, wadda Kolorado da Teksas suka fara shiga a 2015, ta tsaya da ƙafarta a 2017 da jaha ta goma ta sa hannu, kuma har yanzu ba duka suka shiga ba. A jahohi da dama doka ba ta lissafa ambilans cikin ayyukan da dole hukuma ta samar ba, yadda ta lissafa ƴan sanda da ƴan kwana-kwana, don haka ƙauyukansu da ƴan sa-kai suka dogara, ƴan sa-kan kuma suna tsufa. Takardar kuɗin ambilans takan kai dala dubu ko fiye, ta Amurka fa, ba tamu ta CFA biyar ba, har wasu na gwammace su hau taksi da ciwonsu. Wannan duk ba abin koyi ba ne. Mu nan ma mun fi su sauƙi ta fuska ɗaya: jahohinmu ba su yin doka, doka guda daga Yamai ta isa daga Tilaberi har Difa.

Akwai kuma wani tabon da nake so mu daɗe a kansa, don shi ne ramin da na fi tsoron mu faɗa. A 1967, a unguwar baƙaƙen fata ta Hill a birnin Fitsbag, aka kafa ƙungiyar ambilans ta Freedom House. Waɗanda aka ɗauka samarin unguwa ne, da yawansu marasa aiki, waɗanda ake cewa ba su moruwa. Dokta Peter Safar, wanda duniya ta sani da koyar da hura numfashi baki da baki, wanda kuma ya rasa ƴarsa ƴar shekara 11 sakamakon ciwon asma a 1966, shi ya tsaya ya horar da su wajen awa 300. Samarin nan suka zama cikin paramedik na farko a ƙasar, suna sa bututun numfashi bisa titi tun wasu manyan birane ba su san ana yi ba, har tsarin karatunsu ya zama tushen na ƙasa baki ɗaya. A 1975 hukumar birnin ta yanke musu kuɗi, ta buɗe tata ƙungiyar, mafi yawan ma'aikatanta farare. Tsofaffin ma'aikatan da aka ɗauka aka yi ta sa musu sharuɗɗa da jarrabawa, da yawansu suka watse. Takarda da jarrabawa in suka faɗa hannun mai son zuciya, makami ne na korar wanda ya iya a kawo ɗan gida.

Mu malamai wannan ba labari ba ne a wurinmu. Tun ƙarshen shekarun 1990 aka fara cika azuzuwa da ƴan sa-kai, daga baya ƴan kwantaragi, da yawansu ba su taɓa zama a makarantar horon malamai ba, ko sun zauna ƴan kwanaki. Aka ce buƙata ce, yara sun yi yawa, kuɗi babu, allo da alli sun isa. Aka mora su shekara da shekaru a ƙauyukan da ba wanda ke son zuwa. Sai a 2017 aka tashi rana tsaka aka ce a jarraba su, da dama suka faɗi, wasu aka sallame su. Duk wanda ke cikin sana'ar nan a lokacin ya ga abu biyu. Ya ga gaskiyar da sakamakon ya tona, cewa mun danƙa yara ga mutanen da ba a koya wa koyarwa ba. Ya kuma ga zaluncin jarraba mutum kan abin da kai da ka ɗauke shi ba ka taɓa koya masa ba. Ni da na bi ta makarantar horon malamai ba na ɗaga wa kowa kai a kan wannan, laifin na wanda ya buɗe ƙofa ne ba na wanda ya shigo neman abinci ba. Amma in mun yarda cewa bai kamata a ba mutum aji ba sai an horar da shi, alhali ɓarnar malami takan ɗauki shekaru kafin ta fito, wani lokaci ma malamin gaba ya gyara, da wane baki za mu ce a ba mutum mai naƙuda ba horo, alhali ɓarnarsa minti goma ce kuma babu mai gyara ta?

Saboda haka dokar da nake nema ta fara da waɗanda ke cikin motar yau. A ba su wa'adi, shekara biyu ko uku, a horar da su da kuɗin hukuma, rukuni-rukuni don kar mota ta kwana ba direba, sannan a jarraba. Wanda bai iya rubutun Faransanci ba a jarraba shi da baki da hannu, cikin Hausa ko Zabarmanci ko Tamashek: ga mutum-mutumi, nuna mini yadda za ka yi in ya daina numfashi. Mai zubar da jini ba dikte yake buƙata ba. Muna da makarantun lafiya na gwamnati a Damagaram da Yamai, muna da SAMU, muna da ƴan kwana-kwana, muna da Kuruwa Ruj da ta daɗe tana koyar da taimakon farko. Masu koyarwa ba su ne suka ɓace ba.

Wanda har yanzu ke ganin abin na Turawa ne, ya dubi Gana. Ran 9 ga Mayu 2001, a filin ƙwallo na Akara, wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, turmutsitsi ya kashe sama da mutum 120. Bala'in nan na cikin abin da ya sa suka kafa hukumar ambilans ta ƙasa a 2004, da ma'aikatanta na musamman masu horo da inifom, daga baya da makarantarta a Nkenkaasu cikin yankin Ashanti. A 2020 suka raba sabbin motoci 307, suka kuma yi wa hukumar dokarta. Suna da nasu koke-koken, ba aljanna ba ce. Amma tun kafin hukumar ma, likitoci a Kumasi sun tara direbobin haya sama da 300 suka koya musu taimakon farko cikin awa shida, don sun lura su ne ke kwasar masu rauni daga wurin haɗari. Awa shida. Mu nan wa ke fara isa in babbar mota ta kife bisa hanyar Ƙwanni zuwa Madawa, ko ta Tasawa zuwa Damagaram? Ƴan kabu-kabu, direbobin haya da mutanen ƙauyen da ke kusa. Da kyakkyawar niyya suke ciccibar mai karayar wuya hannu da ƙafa su cusa shi a mota, su ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki. Wani ba haɗarin ke gurgunta shi ba, ɗaukar ce.

Ko Faransa da muka kwafo tsarin asibitocinmu da lambobin 15 da 18 daga wurinta, ba ta tsaya ga lambar waya ba. Tana da doka ta 6 ga Janairu 1986 kan agajin gaggawa da jigilar marasa lafiya, kuma ambilans ba ta fita sai da mutum biyu, aƙalla ɗayansu mai diplom ɗin gwamnati na aikin ambilans. Mun ɗauko jiniya da fentin, muka bar wannan.

Wani ma'aikacin ofis zai ce mini: "Malam, ai akwai takardu a ma'aikatar lafiya, akwai dekre, akwai arete." Na ji. Ya zo ya tsaya ƙofar kowace CSI ya tambayi iyaye goma sunan takardar da mai ambilans ya kamata ya riƙe. Ya tambayi infirmiyen da ke riƙe da wurin shi kaɗai, da layin mata a waje, yadda yake yi in aka zo kai mara lafiya asibitin gunduma: ya bi motar ya rufe wurin, ko ya tsaya ya tura ta da dangi? Abin da ke kwance cikin kabad a Yamai, uwa ba ta san shi ba, jandarma bai tambayar sa bisa hanya, babu wanda aka taɓa hana aiki saboda shi, wannan sunansa takarda. Jandarman da ke tsayar da mota ya nemi permi da asirans da takardar bizit, me zai hana shi neman katin mutumin baya?

Tsoro ɗaya da na yarda da shi shi ne na cinikin diplom. Mun ga yadda makarantun lafiya masu zaman kansu suka yi yawa a biranenmu, wasu na kirki, wasu kuwa ɗaki uku ne da allo. In aka ce gobe sai da takarda, jibi za ka ga an buɗe shagunan sayar da ita. Maganin wannan shi ne abin da Amurkawa suka gane tun 1970: wanda ya koyar daban, wanda ke jarrabawa daban. Mu ma mun san haka, shi ya sa ba malamin aji ke gyara takardun ɗalibansa a BEPC ba. Jarrabawa ta zama ta ƙasa, sunayen masu izini su zama a bayyane, a liƙa su a asibitin gunduma yadda ake liƙa sakamakon jarrabawa, takardar ta riƙa mutuwa bayan ƴan shekaru sai an sabunta. A kuma sa kujerar talaka cikin kwamitin da ke sauraron ƙara, don in likitoci kaɗai suka zauna kan laifin ɗan'uwansu, mun san yadda zaman ke ƙarewa.

Saura mu da ke cikin lekol. A 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana sau biyu, a unguwar Pays-Bas ta Yamai cikin Afrilu, da nan Maraɗi cikin Nuwamba, kowane karo aƙalla yara 20 suka rasu, wasu suka tsira da ƙuna. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. A irin wannan rana, da ranar da yaro ya faɗo daga bisa bedi, ko farfaɗiya ta kayar da yarinya tsakar aji, ko kunama ta harbi ɗan CI, babban da ke wurin kafin kowa shi ne mushe ko madam. Mu nawa ne muka san ƙuna ruwa mai sanyi ake zuba mata na tsawon minti 20, ba man goge baki ko ɗanyen ƙwai ba? Mu nawa muka san ba a cusa cokali bakin mai farfaɗiya? Hawan farko na dokar, wancan na ƴan kwanaki, ya kamata ya shiga cikin karatun makarantun horon malamai, kar a ba kowa takardar kammalawa sai da shi, a kuma bi tsofaffinmu da shi lokacin tarukan CAPED. Sandikocinmu da suka iya rufe lekol kan alawus, ban ga abin da zai hana su sa wannan cikin takardar buƙatu ba.

Iyaye kuma kuna da hurumi fiye da yadda kuke zato. A gundumomi da dama ana karɓar dala ashirin bisa kuɗin ganin likita, da sunan asusun kai marasa lafiya babban asibiti. Kuɗinku ne, kuma kwamitin kula da CSI, wanda wakilanku ke zaune a ciki, yana da bakin magana a kansu. In an zo taro ana karanta muku lita nawa aka sha, taya nawa aka canza, wani cikinku ya ɗaga hannu ya tambaya: cikin tafiye-tafiyen watan nan, guda nawa aka yi da ma'aikacin lafiya a baya, guda nawa aka yi da direba da dangi kaɗai, kuma mutum nawa suka cika kafin a isa? Ya ce a rubuta amsar cikin rajista, a sake karanta ta a taro na gaba.